Wace Waƙa Za Ta Fara Fita? Kwanakin Sauraro a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Asabar, Ƙanƙara

Ɗan ƙanwata ya kammala albam ɗinsa na farko, waƙoƙi goma, bayan doguwar zirga-zirga tsakanin gida da wani situdiyo a Kano. Mai kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin, wanda duk muke kira Alhaji, ya ce ba za a zube waƙoƙin lokaci guda ba. Ɗaya za a fara saki tare da bidiyonta, ta share wa sauran fage. A nan ra'ayi ya rabu.

Alhaji yana son waƙar rawa, mai kiɗa da zafi, wadda ita kaɗai ce irinta a cikin goman. Hujjarsa ita ce yadda "Warr" ta Ado Gwanja ta mamaye TikTok a 2022. Shi kuwa yaron ransa yana kan waƙar gona, doguwa mai sanyi, wadda ya yi wa manoman yankinmu da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Da daddare ya same ni a zaure ya ce, "Kawu, in ba da ita aka fara ba, kamar ban yi komai ba."

Na ce masa shi da Alhaji kowa yana da kunne, amma ba su ne za su ɗauki waƙar su yawata da ita ba. Na roƙi Alhaji ta waya ya ba ni mako guda. Ya yarda, da sharaɗin kada in tura wa kowa. Na sa waƙoƙin a wayata, na ari ƙaramar sifika.

Lahadi, Ƙanƙara

Na wuni a shagon wani matashi mai cajin waya da tura waƙoƙi kusa da tasha. Duk wanda yake son sanin abin da mutanen karkara ke saurare, nan ya kamata ya zauna. Mutum zai miƙo memori ya ce a cika masa, ko ya ambaci mawaƙi, ko kuma ya rera ɗan amshin da ya ji a gidan biki ya ce ita yake so. Mai shagon ya san abin da ake nema da safe, ya san abin da ake dawowa a ce a goge.

Na kunna masa waƙoƙin ba tare da na faɗa masa wadda ake gardama a kai ba. Waƙar rawa ta sa shi kaɗa kai, amma ya ce, "Baba, irinta sun yi yawa a kwamfutata. In na sa ta cikinsu ba mai tambayar wa ya yi ta." Da ta bakwai ta shigo, waƙar amarya mai kalangu a ƙarƙashin fiyano, wadda babu wanda ya kawo ta a lissafi, sai wasu samari biyu da suka zo karɓar waya suka tsaya. Kafin ta ƙare ɗayansu yana bin amshin.

Mai shagon ya ba ni shawara biyu da na rubuta nan take. Ta farko, amshi ya shigo da wuri, domin mai neman waƙa yana taɓa ta ne ya ji farkonta, in bai ji abin kamawa ba ya tsallake. Ta biyu, mawaƙi ya ambaci sunansa a cikin waƙar, domin in ta bi blutut da Xender daga waya zuwa waya sunan da aka rubuta a kanta yakan ɓace, ta koma waƙar da ba a san mai ita ba. Maganarsa ta farko ta yi daidai da abin da ke faruwa a manyan manhajoji: Spotify, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2021, ba ta lissafa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30. Waƙar amaryar tana ɓata kusan minti guda kan kiɗa kafin murya ta shigo. Wannan gyara ne mai sauƙi.

Litinin, hanyar Sheme

Na shiga motar haya da hantsi, don a wannan hanya kowa yana so ya isa da rana tsaka. Direban ya yarda na haɗa wayata da rediyon motarsa. Fasinjoji ba su san ana gwada komai ba, kuma hakan nake so. In ka ce wa mutum waƙar ɗanka ce, kunya za ta sa ya yaba.

Waƙar rawa ta wuce ana hira a kanta. Waƙar gona ta kashe hirar gaba ɗaya. Wani dattijo a gaba ya sunkuyar da kai har ta ƙare, sannan ya ce, "Allah ya kawo mana ƙarshen wannan abu." Kowa ya ce amin. Babu wanda ya ce a maimaita. Da ta amarya ta zo, wata mata a baya ta ce, "Direba, don Allah mayar da ita." Ya mayar. Da muka isa Sheme shi kansa yana rera ta yana sauke kaya.

A cikin motar na tuna da kamfanin Motown na birnin Detroit a Amurka, wanda Berry Gordy ya kafa a 1959. Duk Juma'a yakan tara ma'aikatansa su saurari sababbin waƙoƙi su kaɗa ƙuri'a kan wadda za ta fita. Tsari ne mai kyau, ya haifar da waƙoƙi masu yawa da suka yi tashe. Duk da haka ya taɓa kuskure babba. Gordy ya hana a saki "I Heard It Through the Grapevine" ta Marvin Gaye a faifanta ita kaɗai, sai aka cusa ta cikin albam a 1968. Masu gabatar da shiri a gidajen rediyo suka tono ta daga ciki suka yi ta sakawa, masu sauraro suka yi ta nema, dole kamfanin ya sake ta a watan Oktoba na shekarar. Ta yi mako bakwai tana kan gaba a jadawalin Billboard. Abin da ya ceci Motown shi ne da jama'a suka yi magana ya saurara.

Talata, Faskari

Kaka ta yi, ko'ina buhunan masara da dawa da waken suya. Na sauka wurin wani abokina dillalin hatsi, muka zauna a rumfarsa ina ba shi labarin abin da ya kawo ni. Ya saurari waƙoƙin goma a natse, domin shi mutum ne mai haƙuri, sannan ya ce, "Malam, tara daga ciki 'yan gida ɗaya ne. Wannan ta rawar baƙuwa ce."

Ya nuna min wani buhu ya ce duk mai saye bakin buhu yake dubawa. In ka zuba mai kyau a sama, ƙasa kuma wani iri ne daban, za ka sayar yau, amma gobe ba zai dawo rumfarka ba, kuma zai faɗa wa na bayansa. Waƙar da aka fara saki ita ce bakin buhun albam. Wanda ya ji waƙar rawa ya bi sawunta zai tarar da waƙoƙi tara masu sanyi da kalangu, ya ji an yaudare shi. Wanda kuma irin waɗannan taran yake so, ba zai ma leƙo ba, don farkon abin da ya ji ya riga ya kore shi. An yi asara ta fuska biyu ke nan.

Wannan ita ce babbar maganar da nake son Alhaji ya ji. Sabon mawaƙi ba shi da wani suna sai wanda waƙarsa ta farko ta ba shi. In ta gabatar da shi a matsayin mai rawar zamani, haka masu biki za su gayyace shi, haka za su buƙaci ya ci gaba, alhali baiwarsa ba a nan take ba. Kamfanin da ya bi yayi wajen zaɓen waƙar farko yana iya cin ribar wata biyu ya lalata aikin shekara goma.

Laraba, Funtuwa

Hanyar Sabuwa ta Funtuwa take bi, don haka na kwana a nan. Ba a shiga garin nan da maganar waƙa a manta da Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya yi zamansa a Funtuwa ya rasu a 1999, ko Hajiya Barmani Choge ta kiɗan amada, wadda ta rasu a 2013. Su ba su san wannan ciwon kan namu ba. Kafin waƙar Shata ta hau faifan EMI ko kaset, ta riga ta sha gwaji a gaban jama'a, a fada da gidan biki da dandali. Baitin da ya motsa mutane ya zauna, wanda bai motsa su ba ya faɗi. Bakandamiyar Shata kanta ba a zama ɗaya ta zama yadda muka san ta ba. Barmani ma a tsakar gida tsakanin mata waƙarta ke nuna kafin wani mai na'ura ya ɗauka.

Yanzu al'amarin ya juye. Yaro yana shiga ɗaki da fiyano da kwamfuta ya gama waƙa goma kafin kunne ɗaya na waje ya ji. Gwajin da a da yake zuwa kafin ɗauka, yanzu dole kamfani ya nemo shi da kansa bayan ɗauka. Wannan nauyi ne a wuyansa, ba alfarma yake yi wa mawaƙi ba.

Alhamis, Sabuwa

Na bi ta Ɗandume na iso gidan yayata da azahar. Na dace ana shirin bikin 'yar maƙwabta, gidan cike da mata, ana daka ana tankaɗe. Ni ba ni da shiga cikinsu, sai na ba Yaya wayar da sifikar na ce ta saka musu yayin da suke aiki, kada ta ce komai.

Bayan la'asar ta fito zaure tana dariya. Ta ce, "Kai, ina ka samo wannan ta amaryar? Sun hana ni cirewa. Uwar amarya ta ce in ba ita za a sa ranar kamu ba, ba ta yarda ba." Na tambaye ta ta rawar fa. Ta ce 'yan mata sun taka, amma manyan mata sun ce a rage sauti. Ta ƙara da wata magana da ta fi duk abin da na ji a makon nan nauyi: waƙar da uwa da 'yarta za su iya ji tare ba wadda ta sunkuyar da kai, ita ce ke daɗewa a gida.

Masu kamfanoni a Kano da Kaduna suna yawan auna waƙa da kunnen samari, don su ne ke cika shafukan sada zumunta. Amma a ƙasar Hausa mata ne ke ɗora waƙa a kan gadon mulki. A 2020, lokacin kullen korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game ƙasa ne sa'ad da matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka ta a gaban mazajensu a cikin ɗakunansu. Ba kamfani ne ya tsara hakan ba. Tun kafin nan ma, waƙar fim ɗin Sangaya a gidajen biki ta yi ƙarfi. Kuma ga mawaƙi irin ɗan ƙanwata, lissafin kuɗi ma nan ya karkata. Waƙar da ta yawata a memori ba ta kawo masa ko sisi. Abin da YouTube da Audiomack za su ba sabon shiga bai taka kara ya karya ba. Abincinsa yana cikin gayyatar biki da liƙi da waƙar da ango zai biya a yi wa amaryarsa. To, wace waƙa ce za ta kawo wannan gayyatar?

Akwai kuma lokaci. Yanzu amfanin gona ya shigo hannu, bukukuwa za su yi ta biyo juna har zuwa gab da azumi. Waƙar amarya da ta fita a wannan tsakanin ta sami kasuwarta a buɗe. In aka yi jinkiri ta faɗa cikin Ramadan, sai a jira bayan Salla.

Juma'a, Sabuwa

Bayan an sauko daga masallaci na zauna a majalisar wasu magidanta, yawancinsu manoma, wasu daga ƙauyukan da aka tashe su suka dawo gari. Na nemi izininsu na saka waƙar gona tun daga farko har ƙarshe. Ba zan iya kwatanta shirun da ya biyo baya ba. Wani ya share ido da hannun rigarsa. Wani ya ce, "Yaron nan ɗan ina ne? Ya san abin." Na ce ɗan Ƙanƙara ne. Suka ce ai dole.

Dole kuwa. Shi yana garin a daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Yana nan a Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni ba kira ba intanet. A wancan lokacin duk waƙar da ta shigo yankin nan a aljihun wani ta shigo, cikin memori. Mai zaune a ofis yana ƙirga masu kallo a YouTube bai ga waɗannan mutane ba, kuma su ne masu sauraron yaron na farko.

Na tambayi majalisar ko za su so a sa wannan waƙa a waya su riƙa ji kullum. Wani dattijo ya ce, "Malam, za mu ajiye ta. Amma ba kullum mutum ke son a taɓa masa gyambo ba." Na fahimce shi. Waƙar gona ita ce mafi daraja a cikin goman, ita ce za a tuna da yaron da ita. Sai dai tana buƙatar mai sauraro da ya riga ya san muryar, ya yarda da ita, ya ba ta minti bakwai na rayuwarsa. Baƙon mawaƙi ba ya samun wannan a ranar farko. In aka jefa ta gaba ba wanda ya san mai ita, za ta nutse, kuma zaluntar ta aka yi. Akwai kuma abin da zuciyata ba ta so: a ce baƙin cikin mutanen nan shi aka fara ɗagawa don tallata sabon albam. Gara ta zo a lokacin da za a karɓe ta a matsayin ta'aziyya daga ɗan gida.

Asabar, Funtuwa

Na kira Alhaji muka daɗe. Na ba shi labarin shago da mota da rumfar hatsi da tsakar gida da majalisa. Ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Malam, na ji. Amma kuɗin bidiyo ɗaya nake da shi. In na sa a inda ba a kallo fa?" Tambaya ce ta gaskiya, don dukiyarsa ce a ciki.

Na ce masa, ranka ya daɗe, zaɓen farko ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma manyan kamfanonin duniya ma ba su san gaibu ba. Albam ɗin Thriller na Michael Jackson, da ya fita a Nuwambar 1982, waƙoƙi tara ne, aka saki bakwai ɗaya bayan ɗaya, duka suka shiga goman farko a Amurka. Da "The Girl Is Mine" aka fara, mai laushi, tare da Paul McCartney, don ta buɗe ƙofofin gidajen rediyo, sannan "Billie Jean" ta biyo a Janairun 1983 ta girgiza duniya. A nan gida Najeriya, "Essence" ta Wizkid da Tems tana kwance cikin Made in Lagos tun Oktoban 2020, ba da ita aka fara ba. Masu sauraro ne suka ɗago ta, aka yi mata bidiyo a 2021, daga baya ta shiga goman farko na Billboard. "Love Nwantiti" ta CKay ta fito a 2019, sai a 2021 ta fashe a TikTok. Darasin ɗaya ne: ka fara da wadda ta fi sauƙin shiga kuma take kama da 'yan uwanta, sannan ka kasa kunne, ka rage wani abu a aljihu don wadda jama'a za su nuna maka.

Muka tsaya a kan haka. Za a gajarta gabatarwar waƙar amarya, amshi ya shigo da wuri, yaron ya ambaci sunansa da garinsa. Za a yi mata bidiyo mai sauƙin kuɗi, na mutunci, wanda za a iya kai wa Arewa24 a gwada sa'a a shirin Zafafa Goma, a yanki gutsure don TikTok. Za a kai ta hannu da hannu ga masu tura waƙoƙi da masu kiɗan biki a Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, da gidajen rediyon Katsina da Kaduna. Bayan 'yan makonni albam ya fito gaba ɗaya. Ragowar kuɗin a ajiye wa waƙar gona. Waƙar rawa ta zauna a cikin albam. In tana da rabo za ta tashi da kanta.

Lahadi, Ƙanƙara

Yaron bai ji daɗi nan take ba. Na faɗa masa abin da dattijon Sabuwa ya ce, da yadda majalisa ta yi tsit. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, in dai ba za a binne ta ba." Na ce alƙawari ne, kuma na sa Alhaji ya faɗa masa da bakinsa.

Jihar nan ba ta taɓa rasa mawaƙa ba, daga Shata zuwa Dauda Kahutu Rarara na ƙasar Ɗanja, kuma a kowane gari akwai yara masu baiwa da ke tara kuɗin situdiyo da guminsu. Da yawansu waƙarsu ta farko ce ke kashe su, don an zaɓe ta a ɗaki mai sanyi tsakanin mutum uku da ke kallon abin da ya yi tashe jiya. Kirana ga masu kamfanoni da masu ɗaukar nauyin mawaƙa shi ne: kafin ku kashe naira ɗaya kan bidiyo, ku fitar da waƙoƙin daga situdiyo. Ku kai su tasha da shagon caji da tsakar gida, wurin mutanen da ba su san mawaƙin ba kuma ba sa jin kunyarku. Ku lura da wadda aka ce a maimaita, ku tabbata ta yi kama da sauran, ku sake ta a kan lokacinta. In kuma bayan haka jama'a suka zaɓi wata daban, ku bi su, domin su ne masu waƙar.